Ina Ruwanki?

Sallama gare ku, masu bibiyar wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in rage zancen duwatsu in shiga na soyayya kai tsaye, wai ita ba makaranta ta zo ba. 'Yar uwa, ki yi haƙuri da ni. Tawa soyayyar a bakin rami ta fara, kuma idan ban kai ki bakin ramin nan ba, ba za ki gane abin da ya hana ni cin abinci tun jiya ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, a gida Tsakuwa ake ce mini, domin tun ina ƙarama aljihun rigata ba ya rabuwa da duwatsu. Na girma na karanci ilimin duwatsun, yanzu ina aiki da wata cibiyar bincike, kuma aikina shi ne bin sawun ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yankinmu a kan dutsen farar ƙasa yake zaune, irin dutsen da ruwan sama ke ci a hankali har cikinsa ya zama koguna da hanyoyi kamar gidan gara. A irin wannan ƙasa sai ka ga rafi ya taho da gudunsa, ya iso wani rami, ya shige, shi ke nan. Ina ya nufa? A rijiyar wa zai ɓullo? Amsar wannan tambayar nake zanawa a taswira.

Ɗakina yana bayan ofishinmu, can bayan tudun da ya raba mu da garinmu. Katifa ce, da teburi, da taswirar da ta cinye bango guda, sai takalman roba a bakin ƙofa da laka ta bushe a jikinsu. Kofina ɗaya, cokalina ɗaya. Abokan aikina duk magidanta ne, da an yi la'asar kowa ya ja motarsa ya tafi wurin iyalinsa, a bar ni da ƙarar firij ɗin ɗakin gwaji. Akwai ranar da na tura hoton wani kogo a zauren hirar gidanmu na waya, kogon da ni ce mutum ta farko da ta auna zurfinsa. A ranar an yi ta zuba addu'a a ƙarƙashin hoton jaririn wata 'yar uwarmu. Nawa hoton kuwa Yaya ce kaɗai ta tanka, ta rubuta, “Allah ya shirye ki.”

Tambayar da na fi ji a rayuwata ita ce, “Ina ruwanki?” Ina ruwanki da ramuka? Ina ruwanki da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ke da ba ki gama da na sama ba? Mama ta kan ce mace da digiri har biyu tana leƙen rami sai ka ce mai farautar gafiya. Masu neman aurena ma ba su daɗewa. Da na fara ba su labarin aikina sai in ga idonsu ya koma kan waya, bayan kwana biyu kiran ya ɗauke.

Sai ga Mai Kaji.

Gonar kajinsa tana kusa da ofishinmu, kuma a bayan kejinan akwai wani ƙaton rami da ke haɗiye duk ruwan da ya gangaro. Na je neman izinin aunawa, sanye da hular kwano a kan ɗankwali da wandon aiki mai aljihu shida. Ya fito da kansa, dogo, mai wushirya, turarensa na kokawa da warin abincin kaji. Na zaci zai haɗa ni da mai gadi ya koma ofis. Ina! Biyo ni ya yi har bakin ramin, yana ta jero tambayoyi kamar ɗalibin da ke neman maki.

Da magaribar ranar sai ga saƙo daga baƙuwar lamba: “Ina ruwanki?”

Ku da kuka san ni kun san ba na barin ta kwana. Na zauna na rubuta masa dogon bayani, cewa izini na nema ba alfarma ba, cewa idan ba ya so ya faɗa mini a gabana ba sai ya ɓuya a bayan waya ba. Na tura ina huci.

Sai ga 'yar fuskar dariya, sannan: “Malama, ba faɗa nake ba. Tambaya nake. Ruwan naki da kike bi, ina ya kwana yau?”

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har muryata ta ba ni tsoro, don na manta rabon da in ji ta a cikin bangon nan. Tun daga ranar ya zama gaisuwarmu. Kullum bayan magariba sai wayata ta yi haske: “Ina ruwanki?” da 'yar fuskar dariyar nan a gefe. Ni kuma in ba shi amsa. “Ya shige ƙarƙashin makarantar firamare.” “Ya ɓace mini a gindin wata tsamiya.” “Yau ya yaudare ni, ya yi arewa.” Wallahi ba kyautarsa ce ta kama ni ba, ba kuma wushiryar ba. Kalmar da aka yi shekaru ana dukana da ita ce ya ɗauka ya mayar mini da ita tambaya.

Mama kuwa kiret ɗin ƙwai na farko da ya shiga gidanmu ya gama da ita. Ta kira ni a waya, muryarta har rawa take. “Wannan karon idan kika kore shi da surutun duwatsu, ni da ke ne. Ki yi magana irin ta mata, kin ji ko?”

“Mama, shi yake tambayata.”

“To ki riƙa amsawa a taƙaice!”

Yanzu bari in faɗa muku yadda muke gane hanyar ruwa, don a nan maganar take. Akwai wani rini da muke zubawa a ramin, ba ya cutar da mutum ko dabba. Garinsa ja ne, amma da ya taɓa ruwa sai ya koma kore shar. Kafin mu zuba, muna zagaya rijiyoyi da idanun ruwa mu rataya ƙullin gawayi a kowanne. Idan rinin ya biyo ta wurin, ko da ido bai gan shi ba, gawayin zai tsotse shi. Daga baya mu kwaso ƙullin, mu jiƙa a ɗakin gwaji, mu kashe fitila mu haska wata tocila mai shuɗin haske. Wanda ya yi kore, to ruwan ramin yana zuwa can.

Mai Kaji bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ruwan wankin kejinansa duk cikin ramin nan yake tafiya, wani lokacin har da mushen kaji, kuma haka ya tarar wanda ya sayar masa da gonar yana yi. Tsohuwar taswirar da ke ofishinmu ta nuna ruwan wajen gabas yake yi, ya faɗa babban kogi, nesa da gidajen mutane. Na ce masa ni ba na yarda da taswira sai na gwada. Ya ce, “To mu gwada mana.”

Shi ya riƙe mini jarkar rinin da na dama ranar da muka zuba. Iska ta kaɗo, rinin ya fantsama a gaban farar shaddarsa, ya bar masa tabo kore tun daga ƙirji har aljihu. Na rikice ina ba shi haƙuri, shi kuwa yana dariya yana cewa ba za a wanke ta ba, ajiye ta zai yi ya nuna wa 'ya'yanmu. 'Ya'yanmu fa ya ce. Na juya na yi kamar ina duba agogo, don kada ya ga fuskata.

A ƙa'idar aikinmu, dole a rataya ƙulli ɗaya a rijiyar da aka tabbata rinin ba zai je ba. Muna ce mata rijiyar shaida, ita ke nuna cewa gwajin bai gurɓata ba. Ni kuwa sai na zaɓi rijiyar gidanmu, wadda ke yamma, tudu guda tsakaninta da gonar. Gaskiyar magana, dalilin zuwa gida nake nema. Marigayi Babanmu ne ya haƙa rijiyar, ruwanta sanyi ƙalau ko da rani, kuma tun rasuwarsa Mama ta bar ƙofa a buɗe, duk layinmu a nan suke ɗiba, ladan ya je masa.

Ranar Alhamis da yamma na jera kwalaben a ɗakin gwaji, kowa ya riga ya tafi. Na ja labule, na kashe fitila, na kunna tocilar. Rijiyoyin gabas ɗaya bayan ɗaya, babu komai. Idon ruwan bakin kogi, babu komai. Na kai kan kwalbar ƙarshe ina hamma, don ita ba a tsammanin komai a cikinta.

Ta yi kore. Ba ɗan dishi-dishi ba, kore sosai, har ya haska mini yatsuna.

Na daɗe a tsaye cikin duhun nan. Na ce wa kaina kuskurena ne, wataƙila akwai rini a farcena lokacin da na ciro ƙullin. Amma na san da safar hannu na ciro shi. Sai Lele ta faɗo mini a rai, 'yar Yaya, wadda ke zaune da uwarta a gidanmu tun da mijin Yaya ya tafi aiki nesa. Watanni ke nan yarinyar nan tana gudawa, ta warke ta koma. An ce haƙori ne, an ce mangwaro ne. 'Ya'yan maƙwabta ma haka.

Wayata ta yi haske a kan teburin. “Ina ruwanki?” da 'yar fuskar dariya.

Na rubuta, “Ina kan aiki, sai gobe.” Wannan ne karo na farko da ban ba shi amsa ba.

Jiya Juma'a na tafi gida da tocilar a cikin jakata. Kun tuna yau Asabar ce aka sa iyayen Mai Kaji za su zo ganin Baffanmu a kan maganar auren. Na tarar da gida a hargitse. An sa sababbin labule masu ruwan zuma a falo, an fito da faranta na gilashi da ba a taɓa su sai da babban dalili, an wanke kujeru har da ƙafafunsu. Yaya na tsakar gida tana guge leshin da zan saka, ruwan ƙwai mai ɗigon zinari, da mayafi mahaɗinsa.

“Kin ga kalar da Mama ta zaɓa?” in ji ta. “Ruwan ƙwai, don girmama sana'ar ango.”

Na yi murmushin dole. Lele na kwance a kan tabarma kusa da ita, idanunta sun faɗa, kofin ruwa a gefenta. Ta ɗaga mini hannu da ƙyar ta ce, “Anti Tsakuwa, kin kawo mini dutse?”

Na ɗauke kofin daga gefenta, na je na zura guga na jawo sabon ruwa da hannuna, na shige ɗakin ajiya na rufe ƙofa. Tsakanin buhun shinkafa da tsohon keken ɗinkin Mama na tsuguna na kunna tocilar. Ina addu'a a raina, Allah ka sa ni ce na yi kuskure, na yarda a yi mini dariya a ofis har shekara. Ruwan ya yi wani kore mai rauni, amma yana nan.

Yaya ce ta turo ƙofar. “Ke kuma me kike yi a duhu kamar mai satar sukari?”

Na nuna mata. Na yi mata bayani a taƙaice, irin yadda Mama ke so. Ta dafe bango, ta juya ta kalli inda Lele ke kwance, sai ta ƙwala wa Mama kira.

Mama ta zo da ludayi a hannu. Ta saurare ni har ƙarshe, ta kalli kofin, ta kalle ni.

“Rijiyar da ubanku ya haƙa da guminsa ce kike cewa tana da ƙazanta?”

“Ba laifin rijiyar ba ne, Mama. Ruwan gonar ne ke biyowa ta ƙarƙashin tudu.”

“Gonar wa?”

Ta karanta amsar a fuskata. Ta ajiye ludayin a kan buhu a hankali.

“Tsakuwa, ina ruwanki da gonar mutum? Wa ya aike ki?”

“Da ruwana, Mama. Shi Lele ke sha.”

Na zaci za ta yi faɗa, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a kan kujerar keken ɗinkin, ta rage murya. Ta ce ba ta ƙi ba, daga yau za a sayi ruwa, za a rufe rijiyar a ce wa maƙwabta ƙadangare ne ya faɗa. Amma maganar gona ta tsaya a ɗakin nan, kada ta kai ofis, kada ta kai kunnen yaron nan, har sai an ɗaura aure. Bayan nan in gyara mijina a cikin ɗaki, yadda mata masu hankali ke yi.

“Mama, rijiyarmu kaɗai na sa wa gawayi a unguwar nan. Ta masallaci fa? Ta makaranta fa? Ruwan da ya zo nan ba a nan ya tsaya ba.”

“Ke kaɗai ce mai tausayi a duniya?” Sai muryarta ta karye. “Kin san abin da nake ji idan na tuna ki a ɗakin can ke kaɗai, ko ciwo ya kama ki babu mai miƙo miki ruwa? Ni ba ƙwai nake so ba, 'yar nan. So nake in ga wani ya riƙe ki kafin in bi ubanku.”

Jama'a, ban taɓa sanin Mama ta san yadda ɗakin nan yake ba. Na ɗauka surutun mutane ne kawai ke damunta. Na durƙusa na riƙe gwiwarta, muka yi kuka tare, amma ban ce mata na yarda ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Bayan la'asar Mai Kaji ya iso, da katan-katan na lemo da kiret ɗin ƙwai a bayan mota, cikin shadda ruwan toka da hula mahaɗinta. Ya gaida Mama har ƙasa. Ya tsokani Lele, ya ce gobe ita ce babbar baƙuwa. Da ya juyo gare ni sai fara'arsa ta ragu.

“Jiya ba ki ba ni amsa ba.”

“Zo ka ga amsar.”

Mama ta kira sunana sau ɗaya daga kicin, da irin muryar da ke nufin kada ki kuskura. Na yi kamar ban ji ba. Yaya ta tsaya a bakin ɗakin ajiyar, ni da shi muka shiga. Kafin nan na sa shi ya jawo ruwan da kansa, don kada ya ce komai daga baya. Na kunna tocilar.

Ya gane kalar nan take, ai tana nan a gaban farar shaddar da ya ajiye. Na ga murna ta fara zuwa fuskarsa, irin ta wanda ya ci gasa, har ya buɗe baki zai ce mun same shi. Sai ya tuna daga inda ya jawo ruwan.

“Wannan rijiyarku ce.”

“Ita ce.”

“Amma kin ce gabas yake yi.”

“Taswira ce ta ce. Ni na ce sai na gwada.”

Ya zauna a kan buhun shinkafa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya tambaya ko ciwon Lele daga nan ne. Na ce ba zan rantse ba sai an auna ruwan, amma duk abin da ya shiga raminsa yana isowa nan cikin 'yan kwanaki. Ya rufe ido ya yi salati.

“Wallahi ban sani ba.”

“Na san ba ka sani ba.”

“Wa ya sani bayan mu?”

Na ce babu kowa tukuna, amma dole in tura wa Farfesa, shugaban cibiyarmu, shi kuma ya sanar da hukumar ruwa a auna rijiyoyin unguwa.

“Kin san yadda suke aiki,” in ji shi. “Rufe gonar za su fara yi, sannan su yi tambaya. Kajin da ke ciki ba sa jiran takarda, mutuwa za su yi. Ma'aikatana fa? Ki ba ni lokaci in fitar da waɗannan, in gina wurin tara ruwan, in toshe ramin da kaina. Wata biyu ko uku. Zan riƙa aiko muku da ruwa kullum.”

“Mu za ka aiko wa. Sauran unguwar fa, me zan ce musu?”

“Dole ne sunan gonata ya fito?”

“Taswira ce. Kibiya tana da gindi, tana da kai. Ba zan iya zana inda ruwa ya ɓullo in ɓoye inda ya shiga ba.”

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Da ya ɗago, babu fushi a idonsa, kuma da fushin na gani da na fi samun abin riƙewa.

“Ni na riƙe miki jarkar nan,” ya ce.

“Na sani.”

“Da na ce wa mai gadi ya sallame ki ranar farko, da yanzu kalar labule muke zaɓa.”

“Da ba ka san ni ba ma. Kuma da Lele tana nan tana sha.”

Ya miƙe, ya sa hularsa. Na ce masa da safe zan tura, ban so ya ji a bakin wani. Bai ce kada in tura ba, bai ce in tura ba. Ya yi wa Mama sallama daga tsakar gida, ya tafi, kuma bai ce sai gobe ba. Bayan magariba na yi ta duba wayata kamar marar hankali. Ba ta yi haske ba.

Yau da safe, bayan na idar da salla, na buɗe kwamfuta a kan gadon Yaya na rubuta wa Farfesa rahoton, na haɗa da hoton kwalbar. Yatsana ya daɗe a sama. Na tuna ɗakina da kofi ɗaya, na tuna yadda magariba take a can kafin wannan bawan Allah ya samu lambata, na san sarai inda nake mayar da kaina. Ta taga ina jin Yaya tana lallashin Lele ta sha ruwan gishiri da sukari. Na danna.

Na tura wa Mai Kaji kalma biyu: “Na tura.” Alamar ta yi shuɗi, ya karanta. Bai ce komai ba.

Ni da Yaya muka ɗora fallen kwano a bakin rijiyar, muka danne da dutse. Na bi layinmu gida-gida ina cewa kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa, hukuma za ta zo aunawa. Ban ce ƙadangare ba ne. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, “Ba ke ce amaryar ba? Me kike yi a waje da takalmin roba?”

Mama ba ta yi mini magana ba tun safe, amma ba ta fasa komai ba. Da ruwan saye ta yi girki, ta turara falo, ta sa atamfarta mai ruwan goro da ta ajiye tun bara. Ta aiko Yaya da leshin ta ce in saka. Na saka. Yaya ta ɗaura mini ɗankwali, ta shafa mini hoda, ta sa mini 'yan kunnenta na zinari, duk ba mu haɗa ido a madubi ba.

Bayan azahar aka ce iyayensa za su zo. Baffa ya iso da wuri da babbar rigarsa, ya zauna a falo yana jan carbi yana satar kallon agogon bango. Duk motar da ta shigo layin sai Mama ta ce, “Leƙa ki gani,” Yaya ta leƙa ta dawo tana girgiza kai. Ƙanƙarar da aka sa wa lemo ta narke ta jiƙa sabon kafet. Aka kira la'asar. Baffa ya je masallaci ya dawo, ya ɗan ƙara zama don kunya, sannan ya ce yana da wani uzuri, idan sun zo a kira shi. Mama ta raka shi ƙofa tana dariyar da ba ta kai ido ba, ta dawo ta shige ɗakinta ta rufe.

Ni kuwa na fito na zauna a gefen rijiyar Baba, cikin leshina ruwan ƙwai, kusa da kiret ɗin jiya da babu wanda ya taɓa. Ban yi nadama ba, kada ku ɗauka na yi. Amma ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba, ko a cikin kogo, kuma a tsakiyar gidanmu nake.

Ana idar da magariba wayata ta yi haske.

“Ina ruwanki?”

Babu 'yar fuskar dariya.

Na karanta ya fi a ƙirga. Ku faɗa mini, wace ce a ciki? Tamu ce, ta kullum, daga mutumin da ya gaji har ya kasa dariya amma bai iya barin magariba ta wuce bai tambaya ba? Ko kuwa irin ta kowa ce, wadda na sha ji tun ina ƙarama, yau ta iso bakinsa shi ma? Harafi ɗaya bai bambanta su ba. Na tuna ranar farko da na yi masa mummunar fahimta na zazzaga masa faɗa. Na ce yau ba zan maimaita ba, zan amsa wadda nake fata ce, ko da ɗayar yake nufi.

Na rubuta: “Yana gidanmu. Ya riga ka zuwa.”

Alamar ta yi shuɗi nan take. A saman allon aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

Har yanzu da nake rubuta muku wannan ina gefen rijiyar, sauro na cizon ƙafata, ban cire 'yan kunnen Yaya ba. Ga shi can ya sake fara rubutu.